Babi na Shida: Alƙalan Ganga a Kentaki

A watan Oktoban 2021 kamfanin Buffalo Trace da ke garin Frankfort, a jihar Kentaki ta Amurka, ya fitar da sanarwar da ta ɗaure wa masu sayen wuski kai. Ya ce a wannan shekarar ba zai fitar da George T. Stagg ba, wato ɗaya daga cikin wuskinsa mafi ƙarfi, wanda yake fitarwa duk shekara tun 2002, ana kuma rububinsa har da yin layi a ƙofar kanti. Gangunan suna nan jere a rumbu lafiya lau, an ɗura su tun 2006, sun shekara 15 suna tsimuwa. Abin da ya faru shi ne masu ɗanɗanon kamfanin sun ɗebi samfuri, sun shinshina, sun kurɓa, suka ce bai kai matsayin da aka san wannan suna da shi ba. Da an rufe ido an zuba a kwalba, da an saye shi tas cikin 'yan kwanaki, domin sunan kaɗai ya isa ya sayar da shi. Kamfanin ya haƙura da cinikin, ya bi maganar hanci.

A wurina da akasarin masu karanta wannan littafi giya haramun ce, kuma ba a kawo wannan babi don a ƙawata ta ba. Cutarwarta ma a fili take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 kaɗai, kuma tun 1988 cibiyar binciken sankara ta hukumar ta sa ta a sahun abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. Sai dai littafin da ya yi alkawarin bin sawun mutanen da ke cin abinci da hancinsu da harshensu ba zai tsallake Kentaki ba. A can ne wata tambaya da ke gaban duk mai tantance kaya ta fito ƙarara: yaya za ka auna ingancin abu, alhali abin da kansa yana ƙona ma'aunin da kake awo da shi?

Abin da doka ta kira burbon

Burbon, wato irin wuskin da George T. Stagg yake, wuskin masara ne, kuma dokar tarayyar Amurka ta gindaya masa sharuɗɗa. Dole a yi shi a cikin Amurka. Dole aƙalla kashi 51 cikin 100 na hatsinsa ya zama masara. Ragowar yawanci hatsin rai ne ko alkama, da ɗan sha'ir da aka tsirar. Ana niƙa hatsin a dafa, a zuba yisti a bar shi ya tsimu na 'yan kwanaki, sannan a tafasa shi a cikin tukwanen jan ƙarfe, a tare tururin ya koma ruwa. Abin da ke fitowa fari ne fat, ba shi da launi ko kaɗan. Daga nan sai a ɗura shi a sabuwar gangar itacen oak wadda aka babbake cikinta da wuta. Ba a yarda a ƙara masa launi ko kayan ƙamshi ba, ruwa kaɗai aka amince a zuba. A 1964 Majalisar Dokokin Amurka ta ayyana shi a matsayin haja ta musamman ta ƙasar. Kusan kashi 95 cikin 100 na burbon ɗin duniya a Kentaki ake yin sa, jihar da mutanenta kimanin miliyan huɗu da rabi ne, amma gangunan da ke kwance a rumbunanta sun haura miliyan 10.

Amurkawa suna auna ƙarfin barasa da ma'aunin da suke kira furuf. Lissafinsa mai sauƙi ne: ka raba lambar gida biyu, ka sami kason barasar da ke ciki. Furuf 100 na nufin rabi barasa rabi ruwa. Doka ta kafa iyakoki uku: kada a tace shi ya wuce furuf 160, kada a ɗura shi a ganga yana sama da 125, kada a zuba shi a kwalba yana ƙasa da 80. Mafi yawan abin da ake sayarwa a kanti yana tsakanin 80 da 90, domin an sirka shi da ruwa kafin a rufe kwalba. Wanda ake kira mai ƙarfin ganga kuwa shi ne wanda aka juye kai tsaye ba tare da sirki ba, galibi tsakanin 110 da 135. Wani yakan zarce haka. George T. Stagg na 2007 ya kai 144.8. Duk abin da ya haura 140, wato kashi 70 cikin 100, dokar sufurin jiragen sama ta hana a shiga da shi jirgi, ko a hannu ko a cikin kaya, saboda abu ne da ke kama wuta nan take.

Zamanin algus

Wannan lamba da ke jikin kwalba ba da sauƙi ta zama abin yarda ba. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 kasuwar wuski a Amurka ta cika da algus. Dillalai kan sayi farar barasa mai arha wadda ba ta taɓa kwana a ganga ba, su rina ta da ƙonannen sukari ko ruwan busassun 'ya'yan itace, wasu har da ruwan taba da aidin, su buga mata tambarin tsohon wuskin Kentaki. Mai saye ba shi da hanyar ganewa. Wanda ya jira shekara huɗu ko shida yana renon gangarsa kuwa ba ya iya gogayya da wanda ke haɗa nasa a yini ɗaya.

Kanar Edmund Haynes Taylor Ƙarami, mai masana'anta kuma tsohon magajin garin Frankfort, shi ne ya ja gaban masu neman a yi doka, ya kuma sami goyon bayan sakataren baitulmalin Amurka na lokacin, John G. Carlisle, wanda shi ma ɗan Kentaki ne. A watan Maris na 1897 Shugaba Grover Cleveland ya sa hannu a kan dokar ɗura kwalba ƙarƙashin kulawar gwamnati. Wuskin da zai sami wannan shaida dole ya fito daga masana'anta ɗaya, a yi shi cikin zango ɗaya na shekara, ya yi aƙalla shekara huɗu a rumbun da jami'in gwamnati ke tsaro, a kuma zuba shi a kwalba yana furuf 100 cif. A lokacin ana manna wani koren hatimi a kan murfin, mai nuna lokacin da aka yi shi da lokacin da aka ɗura shi. Wannan doka ta riga babbar dokar tsaftar abinci da magunguna ta 1906 da shekara tara, shi ya sa ake lissafa ta cikin dokokin farko na kare mai saye a Amurka. A 1909 kuma Shugaba William Howard Taft ya yanke hukuncin da ya tilasta wa masu gauraya su rubuta a jikin kwalba cewa nasu gauraye ne.

Daga wannan zamani ne Amurkawa suka gaji ɗaukar ƙarfi a matsayin alamar gaskiya. Furuf 100 na nufin ba a yaudare ka da ruwa ba. Har yau wannan tunani yana da rai. A watan Fabrairun 2013 kamfanin Maker's Mark ya sanar da cewa zai rage ƙarfin wuskinsa daga 90 zuwa 84 don kayan su wadatar da kasuwa. Masu saye suka yi masa ca, cikin kusan mako guda ya janye maganar.

Aikin itace da yanayi

Wanda zai yanke wa ganga hukunci dole ya san abin da ke gudana a cikinta. Gangar burbon tana cin galan 53, kimanin lita 200, kuma da farin oak na Amurka ake yin ta, ba ƙusa ba gam, sai ƙawanyoyin ƙarfe da ke matse allunan. Kafin a rufe ta ana cinna wa cikinta wuta. Babbakar tana da hawa-hawa: ta farko kamar daƙiƙa 15, ta huɗu kamar daƙiƙa 55, wadda ke sa cikin gangar ya tsattsage ya zama gawayi mai ɓawo-ɓawo. Gawayin yana tsotse wasu abubuwa masu wari. A bayansa kuma akwai wani jan sashe na itacen da zafi ya gasa bai ƙone ba, inda sukarin itace ya narke. Daga nan launin ja yake fitowa, da ƙamshin banila, da na ƙonannen sukari, da ɗan ƙamshin kwakwa, da kuma ɓaurin da ke kama harshe.

Kentaki tana da zafi sosai a bazararta, tana kuma da sanyin da ruwa ke daskarewa a hunturu. Idan zafi ya yi, ruwan cikin ganga ya kumbura ya kutsa cikin itace. Idan sanyi ya zo ya janye, ya fito da abin da ya kwaso. Haka ake ta yi shekara da shekaru. Rumbunan ajiyar manya ne, wasu hawa bakwai wasu tara, da yawansu an lulluɓe su da kwano. A hawan sama zafi ya fi tsanani, iska kuma a bushe take, don haka ruwa ya fi barasa saurin tserewa ta ƙofofin itace. Shi ya sa gangar da aka ɗura a furuf 125 kan wayi gari bayan shekaru tana 135 ko 140. A hawan ƙasa, inda ake da sanyi da laima, ƙarfin yakan tsaya ko ma ya ragu. Kowace shekara wani kaso na abin da ke cikin gangar yana bin iska, har ta kai gangar da ta shekara 15 a wuri mai zafi takan rasa fiye da rabin abin da aka zuba mata.

Saboda haka ganguna biyu da aka ɗura rana ɗaya daga tukunya ɗaya suna iya fitowa kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Kowane kamfani da dabarar da yake bi. Maker's Mark yana sauya wa gangunansa wuri daga sama zuwa ƙasa don su daidaita. Four Roses ya gina rumbuna masu hawa ɗaya don ya rage bambancin, ya kuma nemi bambancinsa ta wata hanya, inda ya haɗa gaurayen hatsi iri biyu da yisti biyar ya sami girki goma. Wasu suna ɗura ganga da ƙarfin da bai kai iyakar doka ba, Maker's Mark a 110, Michter's a 103, duk da cewa hakan na cin ƙarin ganguna da ƙarin kuɗi, saboda ruwa ya fi barasa iya narkar da sukarin itace.

Sayar da wuski yadda ya fito daga ganga bai daɗe da zama ruwan dare ba. A shekarun 1970 da 1980 kasuwar burbon ta faɗi, Amurkawa sun koma ga bodka da sauran farar barasa, kamfanoni suna ta rage ƙarfi don rage tsada. A 1984 Elmer T. Lee ya fito da Blanton's, inda kowace kwalba daga ganga ɗaya tak take. A 1988 kuma Booker Noe, jikan mai masana'antar burbon Jim Beam, ya kai kasuwa irin wuskin da ya saba zaɓa daga tsakiyar rumbu yana raba wa abokansa lokacin bukukuwa, ba sirki ba tacewa, aka sa masa suna Booker's. Waɗannan biyun ne suka buɗe ƙofar da a yau kowa ke tururuwar shiga.

A teburin ɗanɗano

Aikin yana farawa a rumbu. Ma'aikaci ya buge toshiyar ganga da guduma, ya zura wani dogon bututun jan ƙarfe, ya toshe bakinsa na sama da babban yatsa, ya ɗago shi cike, ya sake yatsan ruwan ya zuba a 'yar kwalba. A rubuta lambar ganga, da rumbu, da hawa, da ranar ɗuri. Wani lokaci za ka ga baƙin garin gawayi yana yawo a ciki.

A ɗakin gwaji ana jera ƙananan kofunan gilashi masu faɗin ciki da tsukakken baki, domin ƙamshi ya taru a sama. Wanda ya fi shahara shi ne Glencairn, wanda wani kamfanin Sikotilan ya fitar a 2001. Ana rufe kowane kofi da ɗan faifan gilashi. Masu aikin ba sa shafa turare ran gwaji, suna kuma guje wa taba da kofi da abinci mai yaji kafin su zauna. An fi son safiya, kafin hanci ya gaji.

Babban abokin gabarsu shi ne barasar kanta. A bakin mutum da maƙogwaronsa akwai wasu jijiyoyi masu jin zafi, waɗanda ba sa motsawa sai abu ya kai wajen digiri 42 a ma'aunin Salshiyos. Wani bincike da aka buga a 2002 ya nuna cewa barasa tana sauko da wannan iyaka zuwa wajen digiri 34, ƙasa da ɗumin jikin mutum. Wato ɗumin bakinka da kansa ne ke komawa ƙuna. Waɗannan jijiyoyin su ne dai barkono ke tayarwa. Duk wanda ya taɓa shan miyar da barkono ya yi wa yawa ya san ba ya iya cewa ga daddawa ga kifi a ciki, ba ya ma iya gane ko naman ya fara juyawa. Haka wuski mai furuf 130 yake. Zafinsa yana binne alherinsa, yana kuma rufa wa aibinsa asiri.

Shi ya sa ƙwararre ba ya cusa hanci cikin kofi ya ja numfashi da ƙarfi, don yin haka kan kashe hancin na ɗan lokaci. Yana riƙe kofin ƙasa da haɓa, ya ɗan buɗe baki, ya kawo shi sannu a hankali, ya shaƙa kaɗan-kaɗan, wannan ƙofar hanci sannan waccan. In hancin ya fara dushewa sai ya shinshina fatar hannunsa, don warin jikinsa ne abin da hancinsa ya fi sabawa da shi. Kurɓar farko ba a yanke hukunci da ita, ta sabar wa baki ce kawai. A ta biyu ne ake juya ruwan ya zagaye ko'ina, ana motsa muƙamuƙi kamar mai tauna. Booker Noe ne ya yi suna da wannan salo, har ake kiransa taunar Kentaki. Sannan a tofar a cikin kwano, a fitar da numfashi ta hanci. Harshe abu biyar kawai ya sani: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri da daɗin romo. Duk sauran, kirfa, kanumfari, dabino, jemammiyar fata, ganyen taba, daga bayan maƙogwaro suke hawa zuwa hanci. Daga nan sai a jira a ga tsawon lokacin da ɗanɗanon zai zauna, da kuma abin da zai bari a baya, zaƙi ko ɗaci.

Sai kuma ruwa. Mai saye yana biyan kuɗi mai yawa don kada a sirka masa, amma a ɗakunan gwaji na manyan kamfanoni ana yawan sirka samfuri har ya sauko zuwa kashi 20 cikin 100, wato furuf 40, rabin mafi ƙarancin abin da doka ta yarda a sayar. A wannan matsayi zafi ya kau, abin da ke ɓoye ya fito. A 2017 wasu masana biyu a Jami'ar Linnaeus ta ƙasar Suwidin, Björn Karlsson da Ran Friedman, suka nuna ta hanyar lissafin kwamfuta cewa wani sinadarin ƙamshi da ke zuwa daga ƙonannen itace yana taruwa a saman kofi idan barasar ba ta wuce kashi 45 ba, amma daga kashi 59 zuwa sama yana nutsewa ciki. Masu sana'ar sun daɗe da sanin haka a aikace. Gangar kirki idan aka ɗiga mata ruwa tana buɗewa, ƙamshi yana bin ƙamshi. Wadda ƙarfi kaɗai take taƙama da shi kuwa nan take take zama salam, ko ɗacin itace ya taso ya mamaye komai.

Yawancin aikin ma neman aibi ne. Warin fumfuna yana nuna hatsi ya jiƙe kafin a niƙa. Warin ruɓaɓɓen ƙwai yana nuna jan ƙarfen tukunya bai kwashe sinadarin farar wuta yadda ya kamata ba. Akwai tsami irin na ruwan kal, akwai wari mai huda hanci irin na fenti, akwai ɓaurin gangar da ta wuce lokacinta. Kowane gida kuma yana da warinsa na gado da ake so a ji: masu ɗanɗano suna yawan ambaton gyaɗa idan suna maganar Jim Beam, ayaba kuma idan suna maganar Old Forester. Akan ajiye kofi ɗaya na abin da aka amince da shi a baya a gefe, ana gwada kowane samfuri da shi. Idan ana shakkar ko an sami canji, sai a kawo kofi uku, biyu iri ɗaya, ɗaya daban, a ce kowa ya nuna baren. Mai cinke zai dace sau ɗaya cikin uku. Idan mutanen da suka gano shi sun zarce haka nesa, to bambancin gaskiya ne.

Na'urori suna nan, suna faɗin ƙarfin barasa daidai, suna kuma lissafa sinadarai ɗaya bayan ɗaya. Tun a shekarun 1830 wani likita ɗan Sikotilan, James C. Crow, ya shigo da ma'aunin zafi da na sukari cikin wannan sana'a a Kentaki. Amma har yau babu na'urar da ke cewa wannan ganga ta nuna, waccan a ƙara mata shekara biyu. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. A nan hanci ne ke wannan aiki.

Makantar da alƙali

Bayan zafi, abu na biyu da ke ruɗin mai ɗanɗano shi ne abin da ya riga ya sani. A 2001 wani mai bincike a Jami'ar Bordeaux ta Faransa, Frédéric Brochet, ya rina farin ruwan inabi da jan launi mara ɗanɗano, ya ba ɗalibai 54 masu karatun wannan fanni. Suka siffanta shi da kalmomin da ake siffanta jan ruwan inabi. Idonsu ya riga hancinsu yanke hukunci. A wuski ma haka ne: launi mai duhu yana sa a zaci tsufa, kwalba mai nauyi tana sa a zaci tsada, babbar lamba tana sa a zaci inganci. Don haka wasu ɗakunan gwaji suke amfani da shuɗin kofi don a ɓoye launi, a kuma sa lamba a madadin suna.

Gasannin duniya ma a kan wannan ƙa'ida suke. A gasar San Faransisko, wadda aka fara a 2000, alƙalai ba sa ganin kwalba, ana dai gaya musu rukunin abin da ke gabansu. Lambar zinare mai ninki biyu ba ta samuwa sai duk alƙalan teburin sun ba da zinare. A 2019 wani burbon mai sauƙin kuɗi na kamfanin Heaven Hill, Henry McKenna mai shekara 10, irin na dokar 1897 mai furuf 100, ya doke duk wuskin da aka kawo daga ko'ina a duniya. Kafin a ankara ya ɓace daga kantuna, kuɗinsa ya yi sama. Wannan nasara ta nuna amfanin makantar da alƙali, domin da an ga farashin da wuya a ba shi. Ta kuma nuna iyakar lambar yabo. Kowace kwalbar McKenna daga ganga ɗaya take fitowa, don haka abin da alƙalai suka kurɓa daban, abin da dubban mutane suka yi layi suka saya daban, ko da yake tambarin ɗaya ne.

Akwai wata matsala da duk mai shirya irin wannan zama ya sani. Idan aka jera kofuna da yawa, mai ƙarfi yakan danne na kusa da shi. Bayan an kurɓi mai furuf 130, mai 90 sai ya zama kamar ruwa, ko da ya fi shi tsari da daidaito. Shi ya sa ake farawa daga mara ƙarfi a hau zuwa mai ƙarfi, ana kurkure baki da ruwa, ana cin busasshen biskit mara gishiri, ana taƙaita yawan kofuna a zama ɗaya. Duk da haka ƙarfi yana da rinjaye a idon jama'a, kuma kasuwa ta gane hakan. A yau akwai masu farautar duk kwalbar da ta haura 140 saboda lambar kaɗai. Wannan abin damuwa ne ta fuska biyu. Ta fuskar sana'a, lambar tana ba da labarin hawan da ganga ta zauna da yawan ruwan da ya tsere mata ne kawai, ba ta cewa komai game da kyau. Ta fuskar lafiya kuwa, kofi ɗaya na mai furuf 140 yana ɗauke da barasar da ta kusa ninka ta kofi ɗaya na mai 80, kuma hanta ba ta san sunan kamfani ba.

Hancin da ba ya canzawa

Mutane sukan ɗauka cewa wannan aiki baiwa ce da ake haihuwar mutum da ita. Baiwa tana da nata rabo, amma horo ya fi yawa. Elizabeth McCall ilimin halayyar ɗan Adam ta karanta. Ta shiga kamfanin Brown-Forman a 2009 a ɗakin gwajin ɗanɗano, inda aikin farko shi ne jera kofuna da shirya samfuri, ta yi ta hawa har a 2023 ta zama shugabar masu haɗa wuskin Woodford Reserve. Jimmy Russell ya fara aiki a masana'antar da ke yin Wild Turkey a 1954, ɗansa Eddie ya bi shi a 1981, suka yi shekaru da dama suna shinshina ganguna kafaɗa da kafaɗa. Dalilin wannan doguwar koyo a bayyane yake. Gangar da aka ɗura yau, mai yiwuwa wani ne daban zai yanke mata hukunci nan da shekara 12, kuma dole ya san abin da wanda ya ɗura ta yake nufi.

Abin da ake biyan mai ɗanɗano dominsa shi ne daidaito. Ana so hukuncinsa na yau ya zo ɗaya da na bara a kan samfuri ɗaya, ko da an sauya masa lamba, ko da ya ji cewa shugaban kamfani yana son wannan ganga. Kamfanoni suna jarraba masu aikin nasu lokaci zuwa lokaci, su cusa samfuri mai aibi a cikin jeri su ga wa zai kama shi. Ba a kuma barin hukunci a hannun mutum ɗaya, domin kowane hanci yana da warin da ba ya ji, sai na kusa da shi ya cike masa giɓin.

Wannan tsari ya wuce maganar wuski. Duk inda ake tantance kaya ana fama da abu biyun nan, wato siffa ɗaya mai ƙara da ke rufe sauran siffofi, da kuma sunan da ke shiga kai kafin kayan su iso hannu. Mutanen Kentaki sun magance na farko da ruwa da haƙuri, na biyu da ɓoye tambari da yawaita alƙalai, sannan suka sa doka ta tsaya a bayan abin da aka rubuta a jikin kwalba. A babi na gaba za mu ga yadda masu ɗanɗanon ganyen shayi a kasuwar gwanjon Mombasa ta Kenya suke fuskantar irin wannan jarrabawa, su da ke bin dogon jerin kofuna da cokali a tsaye, farashin amfanin gonar dubban ƙananan manoma yana jiran abin da za su rubuta.